Za Ka Ɗinka wa Dogo Riga Ne?

Ƙanin matata ne ya jawo mini. Mai ɗaukar hoton biki ne, in kuma ba biki, to latsa waya ce sana'arsa. Shi ya nuna mini waɗansu Turawa, manya da furfurarsu, sun yi cirko-cirko a bakin dogo cikin sanyi, kowa da kyamara a wuya. Ba mai tikiti, ba mai jaka, ba wanda ya zo tarbar baƙo. Jirgin kaya kawai suke jira ya wuce, su ɗauke shi hoto, su rubuta lambar kan jirgin a littafi, su koma gida baki har kunne. Na ce waɗannan ƙoshi ne ya yi musu yawa.

Ya ce, "Hamma, ai abin ya daɗe." Ashe tun 1942 wani matashin ma'aikacin reluwe a Ingila, Ian Allan, ya buga ɗan littafi na jerin lambobin kawunan jirage, yara suka yi ta rububinsa, duk kan jirgin da suka gani su ja wa lambarsa layi. A Amurka kuwa, a garin North Platte na jihar Nebraska, inda filin haɗa taragun kaya mafi girma a duniya yake, hasumiya mai hawa 8 aka gina wa 'yan kallo.

Dariya na yi, amma da dare barci ya ƙi zuwa. Ni fa ɗan Bolari ne, a Gombe. Muna yara, in ƙahon jirgi ya tashi daga nesa, ba allo ba aike, sai gudu. Mu jera ƙusa a kan dogo jirgi ya take mana ita ta zama wuƙa, mu ƙirga taragu da ƙarfi har a yi gardama a kai ga dambe. Abin da aka gina wa Bature hasumiya a kansa, mu bulala muka sha dominsa. In gadon abin ake bi, na fi su haƙƙi.

Da safe na aro kyamara, na sayi ƙaramin littafi da biro, na zare tef ɗin awo daga kan keken ɗinkin uwargida. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Malam, ina zuwa?"

"Hoton jirgin kaya zan ɗauko."

"Wane jirgin?"

Na yi mata bayani cikin natsuwa cewa tun watan Maris na 2021 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da aikin sake gina layin Fatakwal zuwa Maiduguri, kuma Gombe a kan hanya take, mai haƙuri shi kan dafa dutse. Ta ce, "To ka tafi da tabarma da filo."

Ban shiga cikin tasha ba. Ta gefe na bi, wajen da layukan ajiye taragu suke miƙewa su ɓace cikin ciyawa. Wanda bai san wurin da can ba zai ce fili ne kawai da Allah ya albarkata da ƙarfe. Tafasa ta kai gwiwa tsakanin dogo da dogo, tumfafiya ta fito ta yi fure har ta yi 'ya'ya. Wata mata ta shanya barkono a kan buhu daidai inda ƙafar jirgi za ta bi, hankalinta kwance. Can gaba ga wani tsohon tarago mai rufi, tsatsa ta cinye fentinsa, ƙofarsa ta maƙale rabi a buɗe, awaki sun mamaye inuwar ƙarƙashinsa suna tuƙa. Na durƙusa na ɗauki ƙafafunsa, na ɗauki ƙugiyar da ake sarƙa shi da ɗan'uwansa, na ɗauki murfin akwatin mai na bakin gatarin ƙafa, inda zanzaro ya yi gini hawa-hawa. A jikinsa akwai ragowar farin rubutu: lambarsa, da nauyinsa in ba kaya, da iyakar abin da zai iya ɗauka. Na kwafe su tsaf a littafina, yadda na ga Turawan suna yi.

Ina cikin haka sai na ji shi. Ƙaho mai kauri, mai tsawo, irin wanda yake shiga ta kunne ya sauka a ciki. Jikina ya ɗauki rawa. Na ce wa mai barkono, "Baiwar Allah, kwashe, kwashe!" Ko ɗaga kai ba ta yi ba. Na falfala da gudu wajen mahaɗar dogo da titi, takalmi ɗaya ya tsaya a cikin ƙaya, na haye wani tudu, na saita kyamara, na riƙe numfashi. Sai ga tirela ta ɓullo tana rangaji, maƙare da simintin Ashaka, direban ya sa mata ƙahon jirgi don jin daɗin ransa. Ta taka dogon ta wuce. Yaron mota da ke kwance a kan buhuna ya ga kyamara, ya miƙe ya gyara hula ya ɗaga mini yatsu biyu. Na ɗauke shi, tunda dai na riga na saita. Siminti ne fa da aka ja wa reshen dogo har bakin masana'anta, ga shi yana tsallake dogon a bayan mota.

Na dawo na nemi takalmina, na ce tunda jirgi bai samu ba, bari in yi ilimi. Na sha karantawa cewa faɗin tsohon layinmu ƙafa 3 da inci 6 ne, wato inci 42, alhali sabon na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 ya kai inci 56 da rabi, shi ya sa jirgin can ba zai taɓa hawa namu ba. Na so in gani da idona. Na tsuguna, na danne bakin tef da dutse a cikin dogo ɗaya, na ja zuwa ɗayan. Inci 42 cif! Daɗi ya kama ni har na ce "Allahu akbar" a fili. Na rubuta. Sannan na goge gefen ƙarfen da bakin riga, don in karanta sunan masana'antar da ta narka shi.

"Bawan Allah, sannu da aiki."

Na ɗaga kai. Mutum uku ne, 'yan sintirin unguwa, ɗaya da gora, ɗaya da tocila da rana tsaka, babbansu kuma da usur a wuya.

"Yauwa, sannunku."

"Riga za ka ɗinka wa dogon ne?"

Na yi murmushi na fara zancen Ian Allan. Babban ya miƙo hannu ya karɓi littafin, ya buɗe, ya karanta a hankali yana bin layi da yatsa. Lamba. Nauyi da tan. Faɗi da inci. Ya rufe, ya dubi 'yan'uwansa, ya ce, "Rana dubu ta ɓarawo." Sai ya busa usur.

A nan ne na gane matsayina. Shekarun nan ba abin da ya addabi layin dogo a Arewa irin masu kwance shi. Su zo da dare da tukunyar gas su yanka, su loda a mota, su rufe da buhunan gawayi ko dusa, a kai wa masu narka ƙarfe. Kafin masu yanka su zo kuwa, sai an turo mai duba kaya da rana. A garin nan yanzu ba mai tsugunawa ya ƙura wa dogo ido da shauƙi sai wanda ya san farashin kilo. Mai ƙauna da mai sata tsugunonsu iri ɗaya ne, kuma 'yan sintiri ba su taɓa cin karo da na farkon ba.

Aka sa ni gaba zuwa ƙofar gidan mai unguwa. Ko ƙasurgumin ɗan Kalare bai taɓa samun rakiyar da na samu ba. Yara a gaba, 'yan acaba a gefe suna tafiya a hankali don kada su wuce labari, mata suna leƙe ta kan katanga. Tun ana cewa an kama mai auna dogo, kafin mu sha kwana an ce an kama ni da tarago guda a aljihu. Wani mai shayi da nake bin sa canji tun azumi ya ce shi dama ya daɗe yana zargina.

Mai unguwa yana kan kujerarsa a zaure. Aka baje shaidu a gabansa: kyamara, littafi, da tef ɗin uwargida mai ruwan hoda. Na zube na yi gaisuwa.

"Malam, me ya kai ka?"

"Ranka ya daɗe, sha'awa ce."

"Sha'awar ƙarfe?"

"Ta jirgi, ranka ya daɗe."

"Ka ga jirgi a wurin?"

Na ga in ban fito da ilimina ba, kwanan caji ofis ya tabbata. Na gyara murya. Na ce layin nan daga Kuru kusa da Jos aka faro shi a 1958, ya iso Bauchi a 1961, ya iso Gombe a 1963, ya tuƙe a Maiduguri a 1964. Na ce don shi da gyaran reluwe Najeriya ta ci rancenta na farko daga Bankin Duniya, dala miliyan 28.

Wani daga bayan taro ya ce, "Kun ji ko! Ya san faɗi, ya san nauyi, har kuɗin ya sani!"

Zaure ya ɗauki salati. Aka kunna kyamara ana duba hotuna: ƙafar tarago, ƙugiya, ƙusoshin da suka ɗaure dogo, dukkansu daga kusa, tas-tas, yadda dillali zai so. Sai ga hoton tirela da yaron mota yana ɗaga yatsu biyu. Mai tocila ya ce, "Ga motar da za ta kwashe, ga yaronsa yana ba shi alama: ƙarfe biyu na dare."

Ina cikin karanta duk addu'ar da ta zo bakina sai wani tsoho da ke jingine da bango ya buga sandarsa a ƙasa. Aka yi tsit. Ashe tsohon ma'aikacin reluwe ne, mai juya dogo, ya yi ritaya tun ina makarantar firamare.

"Yaro, in ka tashi daga Gombe za ka Maiduguri, ina za ka sha ruwa?"

"Bajoga, Bappa. Sannan Buni Yadi."

"In Fatakwal za ka?"

"Bauchi, Kuru, Kafanchan, sai a karya kudu, Makurɗi, Inugu."

"Ƙusa nawa jirgi ya take maka?"

Na ce, "Bappa, har da tsinken keken mahaifina."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Ku sake shi. Ɓarawo bai san Buni Yadi ba. Wannan irin yaran da muke kora da tuta ne, girma kawai ya yi, hankalin na nan yadda yake."

Da na san wanke ni zai zo da wannan ƙarin bayani, da na roƙe shi ya tsaya a rabi. Amma bakin Bappa ya riga ya buɗe. Ya ba mu labarin lokacin da dilolin auduga daga injin gurza na BCGA suke cika taragu, ga buhunan gyaɗa, ga fatu, ga shanu ana loda su zuwa kudu suna kuka, jirgi kuma ya dawo da gishiri da kananzir da goro. Ya kwatanta da sandarsa yadda ake jan ƙarfen juya dogo, a tura tarago wannan layi, a tura wancan can, da jar tuta da koriya da rana, da fitila da dare. Ya ce layi ɗaya ne tal, don haka direba ba ya tashi sai an damƙa masa alamar izini a hannu, shaidar cewa ba wani jirgin a gabansa. Samarin da suka kamo ni suka saki baki. Babbansu ya ce shi bai taɓa ganin jirgi yana tafiya ba sai a fim ɗin Indiya, dogon dai aka ce ya tsare, yana kuma tsarewa.

Na ɗauka an gama. Mai unguwa ya ce da saura. Na tayar wa unguwa hankali, na sa mutane sun bar sana'a, mai barkono ma ta aiko da ƙara cewa na taka mata shanya. Ya juya kyamarar a hannunsa ya ce, "Wannan tana fasfo?"

Ashe an daɗe ana neman yi wa 'yan sintiri katin shaida, kuɗin hoto ya gagara. Aka samo farin zanen gado, yara biyu suka riƙe, aka jera benci. Na ɗauki mai gora, na ɗauki mai tocila, na ɗauki waɗanda ma ba su zo kamun ba, aka taso su daga barci. Mai usur ya sa na sake nasa har sai da fuskarsa ta yi masa kwarjinin da yake so. Bappa ya ce shi ma ana neman fasfo wajen tantance 'yan fansho, amma a bakin aikinsa yake so. Muka ɗunguma zuwa gindin tsohon taragon, ya tsaya ƙyam ya ƙame. Na saita, ga mutum ga tarago, hoton da na fito nema tun safe. Sai ya ce ai ba sa karɓa in ba farin bango. Yara suka ɗaga zanen gado suka rufe taragon ruf.

Kuɗin wanki daga aljihuna ya fita. Tef kuwa an riƙe shi a matsayin shaida sai da uwargida ta aika ƙanwarta da goro, ga ɗinkin mutane jibge ana jira. Abin da aka faɗa mini a gida a daren nan ba na jarida ba ne.

Abin da na samu dai shi ne suna. Daga Bolari har bakin kasuwa ba mai kirana Malam yanzu, sai Telan Dogo. In na zo wucewa, yara su bari sai na yi nisa, sannan ɗaya ya ƙwala ihu: "Tela, ga jirgi!" Su kwashe da dariya su watse. Manya suna ce mini in daina kula su, in na yi banza da su za su gaji. Shawara ce mai kyau, ga wanda bai san ƙa'idar aikin ba. Ai duk mai ɗaukar hoton jirgi ya san ba a wasa da rahoto, ko daga bakin wa ya fito. Shi ya sa nake waigawa.