Angonki ya koma mai gurasa a Santambul

Zuwa ga uwargidana Kaka,

Ina gajiya, ina sanyin Madawa? Ki gaida Inna da su Baba da duk mai tambayata, ban da masu bina bashi. Yaron da zai karanta miki takardar nan kada ya yi ƙari, abin da ke ciki ma ya isa abin kunya.

Kaka, mutanen nan ba su san tuwo ba. Da safe burodi, da rana burodi, da dare ma shi ne, har shinkafa da burodi suke kora ta. Sunansa ekmek. Tun 1978 hukumar birnin take da gidan burodinta, tana sayarwa da rahusa a 'yan rumfuna. In gutsure ya faɗi ƙasa, sai ki ga dattijo ya duƙa ya ɗauka, ya sumbata, ya kai goshi. Wani kuma in ya sayi ɗaya sai ya biya kuɗin biyu, a rataye guda don mabuƙaci. Wannan kam ya burge ni, har sau biyu na zama mabuƙacin.

To, da kuɗi suka ja baya sai na ce bari in gasa da kaina. Ni ɗin nan da ban taɓa riƙe muciya ba. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, sa'arki ce amma ta fi ki haƙora, ta ce in fara da bazlama, wata gurasa mai kauri da ake gasawa a busasshen kasko ba mai. Ta lissafo mini fulawa, gishiri, ruwan ɗumi, ɗan kindirmo, sannan ta ce in sayo maya. Na ce a'uzubillahi, mayya kuma? Ashe yis suke kira haka. Sunan kuwa ya dace, don na rufe kwaɓin da tsumma, kafin awa ɗaya ya kumbura yana leƙowa daga kwano kamar zai bi ni.

Ranar farko ruwan ya yi zafi, ya kashe mayyar. Abin da na sauke, abokin zamana ɗan Buza ya ƙwanƙwasa shi da cokali, ya ce ya tuna masa da duwatsun garinsu, har ya yi ƙwalla. Wani ɗan Keita ya ce a aika can gida, tun aikin da Italiya ta fara a 1984 suke jera duwatsu don tare ruwa a gonaki, nawa zai fi ƙarko. Rana ta biyu na cika wuta, hayaƙi ya turnuƙe, wata na'ura a rufin ɗaki ta kama ihu, duk bene ya fito kallon ɗan Adar da fulawa har gira.

Sai a karo na biyar gurasar ta yi. Na murza har kafaɗa ta amsa, na yanka curi shida, na faɗaɗa kowanne kaurin yatsa, na bar su suka huta. Da na ɗora a kasko na juya, sai ta cika da iska ta tashi kamar kumatun mai algaita. Na lulluɓe da zane don kada ta bushe, muka yaga da zafinta, tururi na fita. Tsohuwar ta ɗanɗana, ta daki bayana. Ta ce a ƙauyensu a tandir suke gasa wata, wani rami mai wuta da ake manna kwaɓi a bangonsa. Na ce Hajiya, ai tanderu ke nan, je ki Kano ki ga gurasa.

Yanzu simit nake hari, mai kama da awarwaro, ana tsoma shi a maɗin inabi a birkiɗa cikin riɗi. Gurasar azumi mai habbatus sauda kuwa na bar wa masu ita, layinta kafin shan ruwa ya fi na rijiya a bazara.

Duk da haka cikina bai yarda ba. Na tuba da raina tuwonki da nake yi, har ƙanzon nake mafarki. In kin ji mai tahowa ta Yamai, ki ba shi garin gero, kuka, daddawa, gabu da kilishi. Albasa ma ki saka ta Galmi, ta nan ba ta sa hawaye yadda ya kamata. Kuɗin cefane kuma ki ƙara haƙuri, kada ki kai ni ƙara wurin liman.

Naki har kullum,
Angonki mai gurasa