Malaman Kiɗa Iri-Iri a Firamarenmu

Ƙasar da ta haifi Ibrahim Narambaɗa na Tubali da Kassu Zurmi, ga kuma Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru a maƙwabta, ba a zaci za a rasa mai koyar da waƙa a cikinta ba. Manhajar firamare ma ba ta manta ba, domin ta tattara kiɗa da rawa da zane da wasan kwaikwayo ta zuba su a darasi guda na al'adu da fasaha, wanda malamai ke kira si-si-e. Sai dai daga Ƙauran Namoda zuwa Shinkafi da Zurmi, darasin nan yakan faɗo ne a ƙarshen jadawali, lokacin da rana ta take, yunwa ta fara magana. Ga irin mutanen da yake faɗawa hannunsu.

Na farko shi ne Malam Na-Allo. Shi kiɗa a wurinsa rubutu ne. Zai ja layi biyar a allo, ya ɗiga musu baƙaƙen ƙwallaye masu jela, ya rubuta do-re-mi a ƙasa, ya ce a kwafa. Ya iya zana fiyano sarai, ko da yake shi da yaran ba wanda ya taɓa taɓa ta. In wani yaro ya yi ƙarfin hali ya ce, "Malam, wanga mine ne?" sai ya ce, "Ka rubuta dai, zai fito a jarrabawa." Yaran da ke ajinsa suna cinye maki ɗari bisa ɗari a kiɗa ba tare da an ji sautin komai ba duk zangon, in ban da ƙarar alli. Ranar da aka ji wani yana ƙwanƙwasa benci da yatsa, bulala ya sha, wai yana hana a koyi kiɗa.

Sai Malam Cike-Giɓi. Shi malamin lissafi ne, hedimasta ya duba ya ga yana da sarari, ya maƙala masa. Da ya shigo aji sai ya ce, "Yau kiɗa gare mu ko? To, a fiddo littafin lissafi." In ya gaji, sai ya tura yara sharar fili ko tsintar leda. Hujjarsa ba ta da wuyar ganewa: ba a taɓa korar malami don yara ba su iya waƙa ba.

Na uku Sarkin Take. Duk ilmin kiɗansa ya tsaya kan taken ƙasa da na asambuli, kuma ya riƙe su gam. Shekara da shekaru yana horar da yara kan taken da aka kawo a 1978, har ya kai suna rera shi ba gargada, ko da yake ba mai iya rantsewa da wane harshe suke yi. Kwatsam a watan Mayun 2024 gwamnati ta maido da tsohon take na 1960. Malam bai haddace shi ba, don ba a haife shi ba lokacin da ake yin sa. Sai da aka nemo wani tsohon malami mai takardar Giredi Tu, wanda ya yi ritaya tuntuni, ya zo ya biya musu. Har yau akwai safiyar da 'yan aji shida ke farawa da na 1960, 'yan aji ɗaya su ɗauko na 1978 da suka ji a bakin yayyensu, a haɗu a tsakiya a ƙarasa tare. Malam yana tsaye ƙyam, hannu a gefe, ya ce madalla.

Akwai Malam Mai Tsantseni. Shi ya gaya wa hedimasta tun ranar farko: "Ranka ya daɗe, ganga ba ta shiga ajina." An kuma girmama masa ra'ayinsa, domin nan Zamfara ce, inda aka ƙaddamar da Shari'a a 1999, kuma maganar kiɗa tsohuwar muhawara ce tsakanin malamai. Abin mamakin shi ne duk makarantar ba mai murya irin tasa. In ya ɗauko waƙen wa'azi ko na tarbiyya yana rerawa, har masu tallar gyaɗa a bakin taga sukan yi tsit. Yaransa sun fi na kowa sanin inda ake ɗaga murya da inda ake sauke ta, da yadda ake karɓar amshi a tare. Amma kada ka kuskura ka ce masa malamin waƙa ne. Zai ce karatu yake biyawa.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne Ɗan Gado Mai Ɓuya. Kakansa makaɗin fada ne, ubansa da kotso ya yi Makka. Shi kuwa ya je Kwalejin Ilimi ta Maru ya samo takardar koyarwa, ya sayi gilashi, ya rantse ba mai ƙara ce masa ɗan maroƙa. In ka tambaye shi bambancin kotso da taushi sai ya ce bai sani ba, alhali ko cikin barci aka tashe shi zai ɗaure maka fatar kalangu. Amma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ka lura da shi lokacin da yake duba jarrabawa: biro na hannun dama, yatsun hagu suna ta zuba kiɗa a kan tebur, shi bai ma sani ba. Yaran sun sani. Suna jiransa ne ranar da zai manta da gilashin.

Ga kuma Malam Mai Waya, ɗan zamani. Kayan aikinsa wayar hannu da 'yar lasifika da ya saya ranar Alhamis a kasuwar Shinkafi. Zai kunna Hamisu Breaker ko Ali Jita, ya jingina da ƙofa yana latse-latse. Darasi yana ƙarewa ne daidai lokacin da caji ya ƙare.

Hedimasta shi ma yana da nasa kason. Duk shekara ba ya tuna akwai ganga a makaranta sai saura mako guda 27 ga Mayu, ranar yara. Nan za a buɗe sito a tarar ɓera ya riga kowa zuwa. Sai a aika gidan makaɗan gari a roƙi aro, mutanen da duk shekara ba a taɓa gayyatar su ko sau ɗaya su nuna wa yara yadda ake riƙe makaɗi ba.

Ta ƙarshe ita ce Malama Uwar Gaɗa, wadda sunanta ba ya cikin jerin masu koyar da kiɗa. 'Yan aji ɗaya aka ba ta, sun fi ƙarfin benci. Ba ta da fiyano, ba ta da ganga. Tafi ne kayan aikinta. Da waƙa take koyar da baƙaƙe da wasula, da waƙa ake ƙirga, da waƙa ake wanke hannu. Ta ɗauko karin gaɗar dandali ta ɗora masa jadawalin sau, yaro ya girma ya yi gemu bai manta ba. Mai duba makarantu in ya zo, sai ya rubuta cewa ajinta ya cika surutu.

To, jama'a, maganin abin yana kusa. Sarewa da karan dawa ake yin ta, ƙwarya tana kowane gida, tsofaffin da suka san waƙoƙin noma da na daka da na tashe suna nan da ransu a unguwanninmu. Hukumar ilimin bai-ɗaya da hedimastoci su ba wannan darasi ga wanda ya iya, su kuma gayyato masu abin su koya wa yara tun suna raye.