Madalla da Jami'ar da Ta Koma Aljihu

Sannu da aiki ga na'urar da ta sauke wa jami'o'inmu nauyin tunani. Mu mutanen unguwar Briqueterie a Kamaru mun fi kowa cancantar yi mata godiya, domin da guminmu ake ciyar da ita. Mai tsiren da ke gaban wuta tun la'asar har dare ya raba, da telan da ke taka keke har idonsa ya yi ja, su ne ke haɗa jaka hamsin ta rajista kowace shekara, su tura ɗa jami'ar Ngoa-Ekelle ko ta Soa. A da sai yaro ya yi sammako ya kama wurin zama a zauren lacca na Amphi 700, ya yini yana rubutu, ya dawo da yunwa da ciwon kai. Wannan azaba ta ƙare. Yanzu ilimi ne ke sallama da shi a kan katifa.

Alherin ya soma ne daga sama. A 2016 aka yi wa ɗaliban Kamaru alkawarin kwamfuta 500,000, aka kira ta kyautar shugaban ƙasa, aka buga mata tambarin PB HEV, mai farawa da harufan sunansa, don kada mai karɓa ya manta da mai bayarwa. A Disamban 2017 aka fara rabo. Kyauta ce irin wadda ba a taɓa gani ba, tunda rancen sefa biliyan 75 aka ciyo daga bankin Exim na China don shirin da ya kawo ta. Wato yaron da ya miƙa hannu biyu ya karɓa ya yi tafi, shi ne zai biya idan ya girma, har da ruwa. Masu ƙorafi suka ce cikinta giga 32 ne kacal, ko manyan manhajoji ba za ta ɗauka ba. Sai wani babban jami'in ma'aikatar ilimi mai zurfi ya kwantar musu da hankali, ya ce 32 a sabuwar fasaha daidai take da 500 a tsohuwa. Madalla da wannan lissafi! Duk 'yan canjin da ke unguwar nan babu wanda ya taɓa kai wa ga irinsa. Ɗalibai kuwa sun gane darajar abin da aka ba su, shi ya sa wasunsu ba su bari ta yi tsatsa a hannunsu ba, suka kai ta kasuwa suka biya kuɗin haya.

Kada a manta da hikimar tsara lokaci. A cikin shekarar 2017 ɗin aka yanke intanet a yankuna biyu masu magana da Ingilishi daga Janairu zuwa Afrilu, ɗaliban Buea da Bamenda suka sami hutun wata uku daga fitinar bincike.

Da korona ta rufe makarantu a Maris na 2020, sai na'ura ta nuna adalcinta. Malami ya jefa darasi a WhatsApp, kowa ya samu daidai: ɗan unguwar Bastos da ke da janareta da ɗaki nasa shi kaɗai, da 'yar Briqueterie da ke kwana da ƙanne biyar, waya ɗaya suke karɓa-karɓa. Na ga irin wannan yarinya tsaye bakin shagon caji da magariba, an ɗauke wuta tun safe, tana ware yatsu a kan fasasshen gilashin waya don ta ƙara girman rubutu, sauran datar da ta saya tana tsiyayewa kafin shafi na uku ya buɗe. Idan ta faɗi jarrabawa ai laifinta ne. An tura mata darasi.

Amma duk wannan sharar fage ce. Babbar ni'ima ta sauka a ƙarshen 2022, da ChatGPT da 'yan uwansa suka fito. Kundin digirin da kan cinye shekara, ya sa ɗalibi yawon ɗakin karatu da tambayar mutane, yanzu tsakanin isha'i da asuba ya haɗu, da Faransanci mai santsi wanda mai shi bai taɓa furta irinsa ba. Na'urar har karamci gare ta: idan babu littafin da ya faɗi abin da kake so, sai ta ƙago maka shi, da sunan marubuci da shekara da lambar shafi.

Wani tela a layinmu ya karɓi kundin ɗan ƙanwarsa, mai bango shuɗi da rubutun ruwan zinare. Ya goge hannu a riga kafin ya taɓa, ya juya shi gaba da baya, ya ce, "Ɗana, Allah ya yi albarka. To faɗa mini da Hausa, me ka gano a ciki?" Yaro ya yi murmushi ya ce, "Kawu, abin yana da zurfi." Kawu ya gamsu, ya sa kundin a saman kabad inda ƙura ba ta kaiwa. Wannan mutum ya yi shekaru yana hana kansa sabuwar riga saboda littafin nan, kuma ba zai taɓa sanin cewa babu abin ɗansa a ciki sai suna ba.

Malamai ma ba a bar su a baya ba. Wanda aka jibga wa ɗalibai fiye da abin da ido ɗaya zai iya karantawa ya sami mataimaki. Na'ura ta rubuta, wata na'ura ta duba ko an yi satar rubutu, ta uku ta sauya kalmomi don ta biyu ta kasa ganewa, sannan a yi zaman kare kundi a ɗauki hoto. Aiki ya tafi sumul ba tare da an dami ƙwaƙwalwar kowa ba. A haka za mu samu malaman da za su koyar da jikokinmu, da alƙalan da za su raba mana gado.

Abin da ya rage shi ne 'yan tsirarun da suka ƙi waye. A zaurukan unguwar nan har gobe malam na zaunar da ɗalibi gabansa, ya ce karanta, ya tsayar da shi a kan wasali ɗaya, ya ƙi barinsa ya wuce sai ya fassara. A jami'a ma akwai masu irin wannan taurin kai. Za ka ga malami albashinsa bai kai shi ƙarshen wata ba, amma ya kwana yana bin kundi layi-layi da jan biro, gari ya waye ya kira ɗalibi, ya rufe kwamfutar da ke gabansa, ya ce, "Bar takarda, dube ni. Me kake nufi a shafi na 40?" Su ne ke sa yara kuka, su ne ke jinkirta bikin digiri. Ya kamata hukuma ta gaggauta yi musu ritaya kafin su koya wa wani yaron tunani.