Yadda Ake Gasa Kan Batir a Gida Mai Tayoyi

A Amurka akwai mutanen da suka gaji da maƙwabta, suka sayi mota mai gado da kicin da banɗaki a ciki, suka kama hanya. Akasarin motocin nan a yankin Elkhart na jihar Indiyana ake ƙera su, kuma duk watan Janairu masu su kan yi dandazo a Quartzsite, cikin hamadar Arizona, don gudun sanyi. In Allah Ya kai ka ga mallakar ɗaya, ga hanyar da za ka bi kan batirinka ya yi zafi har ya narke, ba tare da ka sha wahala ba.

Da farko, ɗaure notin da ke riƙe waya a kan batirin da yatsu kawai. Sifana ta masu zaƙewa ce. Girgizar hanya za ta taya ka kwance shi a hankali. Sauran aikin lissafi ne zai yi: inbata mai ba da wat 1,200 daga batir mai volt 12 tana jan amp 100 ko fiye. In mahaɗin ya yi sako-sako har turjiyarsa ta kai om 0.01, abin da ido ba ya gani, zafin wat 100 ke taruwa a wurin da bai wuce faɗin ƙwandala ba. Ka ninka wutar sau biyu, zafin ya ninka sau huɗu. Don haka kunna butar shayi da na'urar ɗumama abinci lokaci guda, ka koma gefe.

Sai maganar washa, kuma a nan ake gane gwani. Wurinta na gaskiya saman bakin waya ne, ƙarƙashin noti. Kai ka cusa ta tsakanin bakin wayar da kan batir. Ƙarfenta ba ya ɗaukar wuta kamar jan ƙarfe, amma dole duk amp ɗin nan su bi ta cikinta, ita kuwa ta huce haushinta a kan robar batirin. Siririyar waya ma tana taimakawa, musamman mai arahar nan da aka shafa wa jan ƙarfe a waje, cikinta alminiyam.

Farin garin da ke taruwa a kan batir, bar shi, ado ne. In ka ji warin roba, ce wa uwargida miyarta ce ta kama. In fis ya tsinke, sa wanda ya fi shi girma, ya daina kawo maka ƙara.

To, in kuwa kana son motarka, kunna kayan wuta su yi aiki, ka haska kowane mahaɗi da ma'aunin zafi mai aunawa daga nesa. Wanda ya fi 'yan uwansa zafi shi ne mai laifi. In duk tsawon wayar ke zafi, ta yi siranta, canja ta. Kafin ka taɓa komai, zare wutar waje, kashe sola da inbata, cire zobe da agogo, kashe taba, domin batir mai ruwa yana fitar da iska mai kamawa da wuta. Fara kwance ɓangaren da ke da alamar ragewa, kuma alamar za ka duba ba launi ba: a tireloli da yawa na Amurka farar waya ce ta ragewa, baƙa ta tarawa. Goge ƙarfen har ya yi ƙyalli, yanke bakin wayar da ya ƙone ka matse sabo, ka ɗaure noti daidai ƙarfin da kamfanin batirin ya faɗa.

Kai kuma da ke dariyar Turawa alhali kana da inbata da batiran sola a zaure, tashi ka duba notinka kafin dare ya yi.