Tsohuwar da ta raba ni da bargo

Likita ya ce in rage tumbi, uwargida ta ce ai ta daɗe tana faɗa, ni kuwa na ce sai sanyi ya wuce. Kuma ina da hujja. A Ottawa, babban birnin Kanada, sanyin Janairu kan kai digiri 20 ƙasa da sifili, rana ba ta leƙowa sai wajen 7:40. Hukumar yanayi ta ƙasar tana gargaɗi cewa idan iska ta tura sanyin ya kai 28 ƙasa da sifili, fatar da ba a rufe ba kan iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. Na karanta wa uwargida wannan da muryar mai labaran duniya. Ba ta ce uffan ba, ta ɗage labule.

Maƙwabciyarmu ce a titi, tsohuwa tukuf mai jikoki, tana sassarfa, tururi na fita daga bakinta.

"Maigida, ita fatar roba gare ta?"

To kun ji abin da ya fitar da ni. Maganar likita an sha ta da shayi, amma kunya ba ta shayuwa.

'Yan gari sun ce mai gudu ya sa kaya marasa nauyi, ya guji auduga domin tana riƙe gumi. Wannan shawara ce ta waɗanda aka haifa cikin firji. Mutumin da ke toshe kunne da auduga a hunturun Kano ba zai ji ta ba. Na zura wando kan wando, na ɗora jallabiya, na kawo jibgegiyar rigar sanyi, na naɗe fuska da rawani. Na fito tamkar buhun gero da aka yi wa ƙafafu.

Na nufi gefen magudanar ruwan Rideau, wadda ke daskarewa har a share kilomita 7.8 don masu sulu da takalmin ƙarfe. Shaƙar farko, gashin hancina ya ƙage. Numfashina ya bi ta saman rawani ya sauka a gashin ido ya zama ƙanƙara, in na ƙifta sai na yi kokawa kafin ido ya buɗe. Can ciki kuwa gumi ake yi sharkaf, jallabiya ta jiƙe ta manne a baya, ta fara huce haushinta.

Duk da haka na fara jin kaina. Har na soma tsara abin da zan rubuta a WhatsApp don 'yan gida su san ɗansu ya zama jarumi.

Akwai wata siririyar ƙanƙara da ke kwanciya a kan kwalta, ido na ganinta ya ɗauka jiƙa ce kawai. Ban san lokacin da ƙafafuna suka gaisa da sama ba. Na dai ji tim, na tafi suuu a gadon baya ina salati, takalmi ɗaya ya riga ni isa gindin bishiya. Na laluba waya in kira gida, batir ya mutu, domin sanyi ba ya raga masa shi ma.

Wa zai tsaya a kaina? Tsohuwar. Ta miƙo hannu ta fizge ni tsaye da ƙarfin da ban so na gani ba. Ta ɗaga tafin takalminta: gajerun kusoshi ne jere, da hannunta ta ɗaura su. Ta ce in riƙa gajeren taku, in bar kallon sama. Sannan ta raka ni har ƙofa, tana riƙe da gwiwar hannuna, ta shaida wa uwargida cewa gobe ƙarfe bakwai za ta ƙwanƙwasa.

Na ce ƙugu ya goce, sai an yi hoto. Da la'asar na tarar da uwargida zaune da sukundireba, takalmina a cinyarta, tana ƙirga kusoshi.