Rawanin Roba

Wanda duk ya ƙirƙiro katin maki na kamfanonin jiragen sama ya san zuciyar ɗan kasuwa ciki da bai. A 1978 gwamnatin Amurka ta tsame hannunta daga ƙayyade kuɗin tikiti, kamfanoni suka shiga wawason fasinja. A 1981 American Airlines ya fito da tsarinsa na AAdvantage: ka hau jirginmu, mu rubuta maka maki gwargwadon nisan tafiyarka, in sun taru ka karɓi tikiti kyauta. Kafin shekara ta fita sauran sun bi sahu. Da an tsaya nan da ba a ji kaina ba. Sai aka yi wa abin hawa-hawa, wannan mai azurfa, wancan mai zinare. Daga nan magana ta tashi daga ciniki ta koma sarauta, irin wadda kai za ka sayi rawanin, kai za ka riƙa kai gaisuwa duk shekara, ranar da ka fasa kuma a tuɓe ka.

Ni shadda da leshi nake sayarwa a Kantin Kwari, sari yana kai ni Dubai da Guangzhou. Katin azurfa gare ni, muna zaman lafiya da shi, sai ranar da na ga Alhajin da shagonsa ke jikin nawa a filin jirgin Malam Aminu Kano. Ina tsakiyar layi ina tura gana-mas-go da ƙafa, ya zo ya wuce ta wani ɗan lungu mai shimfiɗa, ba kowa a gabansa. Ya ɗago mini hannu ya ce, "A'a, Alhaji, ashe kuna nan? To, sai mun haɗu a ciki." Ba mu haɗu ba. Cikinsa daban, nawa daban.

Da Disamba ta kama, ɗan ƙanwata da ke duba mini harkokin waya ya ce, "Kawu, kaɗan ya rage ka zama mai zinare, amma ranar 31 ga wata za a share lissafin a soma sabo." Na ce a sayo ragowar, ko nawa ne. Ya ce ai makin iri biyu ne. Akwai na kashewa, wanda ake karɓar tikiti da shi, shi kam ana sayar da shi. Akwai kuma na matsayi, wanda sai ka ɗora jikinka a kujerar jirgi. Don ya ƙarfafa mini guiwa ya ba ni labarin David Phillips, wani injiniya a Kalifoniya, wanda a 1999 ya ga wani kamfanin abinci yana ba da maki ga masu sayen kayansa. Ya bi kantuna ya kwashe ƙananan kofuna 12,150 na wani faten madara mai zaƙi a kan dala dubu uku da ɗoriya, ya sadakar da faten, ya tashi da maki sama da miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Na ce wannan mutumin da a Kwari aka haife shi da tuni ya yi bene. Ni da ba ni da fate, sai na yanke shawarar in hau jirgi zuwa birnin da kamfanin jirgin da ya ba ni katin ke tara fasinjojinsa, in juyo a jirgin da ke biye.

Uwargida ta saurare ni har na kai aya.

"Tafiya ba sari, ba kaya, ba kwana? Alhaji, in aure za ka ƙara, gara in ji a bakinka da in ji a gari."

"Wane irin aure? Maki zan je nema."

"Sunanta ke nan?"

A wajen awon kaya aka tambaye ni ina jakunkunana, na ce babu. Yarinyar ta leƙa bayana, ta sake tambaya da ƙarfi ko ban ji ba. Ɗan kasuwar Kano da ba shi da ko ƙullin kilishi abin tuhuma ne a ko'ina, kuma haka ya zama da muka sauka. Jami'in can ya ce daga ina, na ce Kano. Ya ce zuwa ina, na ce Kano. Ya daɗe yana kallona, sannan ya kira wani mai igiya a kafaɗa, suka kai ni wani ɗaki. Suka laluba babbar rigata ninki-ninki, suka ƙwanƙwasa dugadugan takalmina, har hulata sai da aka leƙa cikinta. Da na yi musu bayanin maki, babban ya fashe da dariya, ya ce a sake ni, irinmu suna yawa a ƙarshen shekara. Wallahi da cewa ya yi ni kaɗai ne da na fi jin daɗi.

Na dawo gida na zauna jiran naɗi. Makin zuwa suka shigo, rubu'in abin da na lissafa. Ashe kowane tikiti yana da wani harafi a jikinsa, na masu tsada ana ba su makinsu cif, na masu araha a gutsuro musu. Ejan da ya yanka mini tikitin ya ce, "Ranka ya daɗe, ai kai ka ce in nemo maka wanda ya fi kowanne sauƙi." Na dawowa kuwa ko ɗaya bai shigo ba, domin a katin Muhammad nake, a tikitin ejan ya mai da ni Mohammed, ita kuwa kwamfuta ba ta san duk sunan Ma'aiki ba ne. Aka ce in turo hoton guntun takardar shiga jirgi. Guntun yana aljihun rigar da mai wanki ya riga ya jiƙa, ya buga, ya goge.

Wanda ya shiga rijiya ba ya tsoron raɓa. Na sake yankar tikiti, mai tsadar harafi, na ranar 30 ga wata. A ranar sai hazo ya rufe Kano ruf, jirgi ya kasa sauka. Sauran fasinjoji suna ta faɗa a kan kayansu da alƙawuransu, ni ina gefe da carbi ina roƙon Allah Ya yaye hazon nan kafin shekara ta ƙare. A wannan zaman ne ɗan ƙanwata ya turo mini wani labari wai don in rage kewa. A 2020, da annobar korona ta ajiye jirage a ƙasa, United ya ci bashin dala biliyan 6.8, Delta ya ci na biliyan 9, kuma abin da suka jinginar shi ne tsarin makin nan, saboda bankuna suna sayen makin da tsabar kuɗi suna raba wa masu katinsu. Na duba jama'ar da ke kwance a kan benci. Ashe mu ne jinginar.

Allah Ya amsa, hazo ya yi sauƙi washegari, na je na dawo, aka naɗa ni.

Katin ya zo da gata: layi na daban, ƙarin jaka guda, shiga jirgi kafin kowa, da falon manya inda ake ci a sha kyauta. Tun da kamfanoni suka ƙulla ƙawance, Star Alliance a 1997, oneworld a 1999, SkyTeam a 2000, katin ɗaya yana aiki a jiragen abokansa. Na yi wa mutum biyu kacal wannan bayani a masallaci. Da aka ji za mu Umarar azumi da Inna da uwargida, zaurena ya cika da saƙo: daddawa, kuka, yaji, man shanu, kowa da ɗan'uwansa a Makka ko Jidda, kowa kuma da kalma ɗaya, "Ai an ce kai ba a auna maka kaya." Ana aunawa. Na biya kuɗin ƙarin kilo a kan daddawar da ban san mai ita ba.

A birnin da muka yada zango na ja iyalina zuwa ƙofar falon, na miƙa kati da yatsa biyu. Ma'aikaciyar ta yi murmushi ta ce baƙo ɗaya aka yarda in shiga da shi. Na dubi Inna, na dubi uwargida. Uwargida ta ce, "Ku shiga mana, ni ai Maki ce ta kore ni tun tuni," ta juya ta nufi benci.

Ga abinci jere tun daga wannan bango har wancan, ga kaji, ga kifi, ga 'ya'yan itatuwan da ban san sunansu ba. Ƙarfe goma sha ɗaya na safe, ran goma ga azumi. Inna ta ɗauki faranti. Ni ɗan fari ne, ba ta kama sunana.

"Kai wannan, ni tsohuwa ce, ga ni matafiyiya, rangwame biyu gare ni. Kai kuwa ƙato da kai, riƙe azuminka. Miƙo mini cinyar can."

Aka kira masu zinare su fara shiga. Na shiga gaban kowa, sai na tarar mota ce za ta kai mu gindin jirgi. Wanda ya fara shiga mota shi ake dannawa can ƙurya, saboda haka ni na fita a ƙarshe, bayan wani mai buhun garin rogo. A bakin matakala wani ma'aikaci ya tare ni da sabuwar takarda, ya ce baya ta cika, an ɗaga ni zuwa kujerun gaba, masu kwanciya. Abin da na sha hazo da bincike dominsa ke nan. Na juya in yi wa uwargida albishir, sai na ga Inna a bayana tana dafe da guiwa tana hawa a hankali, mutanen Kano kusan rabin jirgi suna kallonmu.

Na yi tafiyar a kujerar tsakiya, a layin da ke jikin banɗaki, uwargida ta juya mini ƙeya har Jidda. Da muka sauka Inna ta fito tana gyara mayafi, fuskarta shar.

"Yaran nan suna da tarbiyya. Har bargo suka lulluɓa mini. Kai wannan, ka faɗa musu in za mu koma a bar mini gadon nan nawa. Sannan Hajiya Babba ta ce baɗi da ita za mu zo, ita ma ƙafarta ba ta son lanƙwasa."