Ni da Akawal a Tsaunukan Mambila

Duk wanda aka haifa a ƙasar Kano, ya tashi yana kallon hawan Daushe da na Nassarawa, yana jin haniniyar ingarmu a bargar hakimai, lalle zai girma da zaton cewa sanin doki abu ne da ake tsotsa a nono, ba sai an durƙusa gaban malami ba. Ni ma da wannan zato na girma, na kuwa ƙarfafa shi da hujja, domin a zamanin ƙuruciyata an taɓa ɗora ni bisa doki ranar Sallah cikin tawagar hakiminmu, zagage biyu suna riƙe da linzami, ɗaya a dama ɗaya a hagu, aka kai ni ƙofar fada aka komo da ni ban faɗi ba. Tun daga ranar nan, duk majalisar da aka ta da zancen dawaki, sai in gyara zama in shiga ba da fatawa.

Saboda haka, da wani aminina, malamin makaranta wanda aiki ya kai shi Gembu, ya aiko mini cewa in zo mu ɗauki dawaki da tanti mu shiga tsaunuka mu kwana a daji, yadda masu yawon buɗe ido suke yi, ban yi istihara ba, ban nemi shawarar kowa ba, sai na ɗaure kaya. Ga wanda bai san wurin ba, Gembu ita ce hedkwatar Ƙaramar Hukumar Sardauna a Jihar Taraba, bisa tudun Mambila, daf da iyakar Kamaru. Cikin Turawa Jamusawa ne suka fara mallakar ƙasar, bayan Yaƙin Duniya na Farko ta koma hannun Ingilishi, ba ta kuma shigo Nijeriya dungurungum ba sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961. Mota takan taso daga Jalingo ta bi ta Bali da Serti, in ta iso Mayo Selbe sai hanya ta fara nannaɗe jikin dutse tana hawa, har ta ɗaga mutum kimanin mita 1,600 bisa teku, inda zai tarar da tuddai jere iyakar ganinsa, duk lulluɓe da ciyawa, babu itace sai na turare da aka dasa da ɗan kurmin da ya maƙale a kwaruruka. A nan ne gonakin shayi na Kakara suke, kuma a wannan yanki ne Chappal Waddi yake, tsaunin da ya fi kowane tsawo a Nijeriya, mai mita 2,419. Da yake sanyin wurin ya fi ƙarfin ƙudan tsando, sammore bai cika damun dabba ba, shi ya sa shanu da dawakin Fulani suke ƙiba a can.

Wajen ƙarshen damina muka isa wata ruga a bayan Nguroje, inda aminina ya riga ya shirya da wani dattijon Bafulatani da zai ba mu aron dawaki ya kuma yi mana jagora. Muka gaisa, ina ce masa Baffa, shi kuwa da ya ga rawanina da carbi sai ya kama ce mini Modibbo. Da aka jawo dokin da aka zaɓa mini, sai na ga wani ɗan guntun akawal, mai gajerun ƙafafu da katon ciki, gezarsa duk ƙaya, ido ɗaya a lumshe, wanda in da a Kano ne ko yaron barga ba zai yarda a gan shi a kansa ba. Na dubi Baffa na ce, «Allah ya ba ka nasara, ashe babu ingarma a rugar nan?» Ya yi murmushi ya ce, «Akwai, Modibbo, amma ingarman yana bukatar wanda zai bi da shi, wannan kuwa shi ne yake bi da mutum.» Na ɗauki maganar a matsayin irin ladabin Fulani, na ce babu laifi.

Baffa ya matso zai ɗaure mini sirdi, na hana shi, domin a ganina bai dace dattijo ya yi wa wanda ya taɓa hawan Sallah hidimar da ake yi wa baƙon doki ba. Na shimfiɗa jalala, na aza sirdi, na ja majayi har na ji ya kama. Abin da ba a rubuta a littafin da na taɓa karantawa ba shi ne, tsohon doki in ya ji ana jan majayi yakan kumbura ciki ya riƙe numfashi, sai an gama ya saki, don haka masu abin sukan ɗan ja shi ya taka kaɗan, sannan su sake ƙara ɗauri. Na karanta addu'ar hawa wadda take cikin Suratuz Zukhruf, na sa ƙafa a likkafa, muka kama hanya, ina zaune a miƙe ina duban tuddai da idon mai ƙasa. Muddin muna hawa babu abin da ya faru, amma da muka kai gangaren farko, akawal ya sunkuyar da kai ya fara sauka, sai na ji sirdi yana tafiya da ni gaba sannu a hankali, ba tare da izinina ba, har kwacciya ta wuce kafaɗa, na tarar da kaina rungume da wuyan doki kamar buhun gero da aka ɗaura wa jaki a karkace, rawani ya warware yana jan ƙasa, ina salati da ƙarfi. Akawal bai yi tutsu ba, bai yi sukuwa ba, sai ya tsaya cik, ya ƙara sunkuyar da kai, ya sauke ni ta kan kunnuwansa cikin natsuwa, sannan ya kama cin ciyawa. Aminina ya juya baya kafaɗunsa suna rawa, ya ce wai tari ne ya sarƙe shi.

Bayan azahar muka iso bakin wani kwari, hanyar shanu ta kewaye shi ta hagu, kewayen da zai ci lokaci mai yawa, alhali ga wani dausayi kore shar shimfiɗe a gabanmu wanda ya miƙe har ɗaya gefen. Na yi ƙiyasi irin na masu ilmi, na ce tunda ciyawa ta tsiro lalle akwai ƙasa a ƙarƙashinta, kuma tunda akwai ƙasa lalle za ta ɗauki kofato. Na karkata linzami, akawal ya ƙi. Na sa masa dunduniya, ya ja da baya. Na daka masa tsawa da Hausa, ya karkaɗa kunne ɗaya. Baffa ya ce daga nesa, «Modibbo, ƙyale shi, ya san wurin.» Na ce dabba ba ta da hankali balle ta san wuri, na sauka domin in nuna masa da aiki abin da ya kasa fahimta da magana. Taku na farko lafiya, na biyu lafiya, a na uku sai ƙasa ta buɗe baki ta haɗiye ni har cinya, domin irin wannan dausayi ciyawa ce kawai ta yi saƙa bisa taɓo da ruwan da yake tsattsafowa daga jikin tudu. Da ragamar akawal aka jawo ni, shi yana ja Baffa yana ja, na fito da ƙafafuna biyu amma da takalmi ɗaya. Ɗayan yana can har yau, sadaka ga kwarin.

Da la'asar ta yi, na ce wa aminina lalle mu yi ƙasaru, domin Risala ta ƙayyade tafiyar ƙasaru da mil 48, kuma duk gaɓoɓin jikina sun ba da shaida, shaidar adalai, cewa mun wuce haka. Bai ce mini kome ba, sai ya kama kafaɗata ya juya ni, ya nuna mini rufin kwanon Nguroje yana walƙiya a bayanmu. Muka cika raka'a huɗu.

Sai maganar masauki. Baffa ya zaɓi wani lungu a gindin tudu, kusa da kurmi, inda iska ba ta bugawa kuma ga itacen wuta da ruwa. Ni kuwa na ce ban baro Kano don in kwana a rami ba, na kwashi tantina na hau ƙololuwar tudun, inda ake hangen duniya ta ko'ina, na kafa shi ni kaɗai, su kuwa suka sauka ƙasa. Baffa ya yi wa dawakinsu dabaibayi ya sake su suna kiwo, ya miƙo mini igiya in yi wa akawal haka, amma na ga rashin hikima ne a bar dabba sake cikin dare. Na tuna hadisin nan da aka umurci mai raƙumi ya ɗaure sannan ya yi tawakkali, na dubi dama da hagu ban ga itace ko dutse ba, sai na ɗaure ragamar akawal a jikin sandar tanti, na ƙulla ƙulli uku, na yi tawakkali.

Kafin magariba, ina can ina alwala da ruwan da sanyinsa ya sa na yi ta binciken sharuɗɗan taimama a zuciyata, akawal ya zura kai cikin tanti ya yi wa guzurina hisabi. Ya cinye garin rogo, ya lashe sukari, ya tauna ƙuli-ƙuli, ya sunsuna kilishi ya bar mini shi, domin shi ba ma'abocin nama ba ne. Na ci kilishi da ruwa, na sa riguna uku, na shiga bargo haƙorana suna kaɗawa.

Can tsakar dare iska ta taso, irin wadda ba ta da abin da zai tare ta tun daga Kamaru, ruwa ya biyo bayanta, aka yi wata tsawa da ta girgiza tudun. Na ji akawal ya yi haniniya, na ji sanda ta fizge, na ji turaku suna tumɓukewa ɗaya bayan ɗaya, kafin in gama ta'awwuzi sai na ga sama a buɗe bisa kaina, walƙiya ta haska mini ɗakina yana gangarawa tudu a guje, yana fuka-fuki a bayan doki. Ƙulli ukun nan ko ɗaya bai kwance ba, wannan kuwa shaida ce da har gobe nake alfahari da ita. Na zauna bisa tabarma cikin ruwa, bargo a ka, takalmi ɗaya a ƙafa, ina kiran Baffa iska tana mayar mini da muryata, kuma ban iya sauka ba, domin duhu ya hana ni sanin wane gefe ne gangare wane ne kwazazzabo.

A zaman nan ne na yi muraja'ar babin dawaki kaf. Na fara da tunanin abin da zan yi wa akawal in Allah ya haɗa mu, sai na tuna Muhtasar na Halilu ya jera doki tare da alfadari da jaki cikin abin da aka haramta ci, wato shari'a ta riga ta kare shi daga wuƙata. Na tuna kuma a mazhabarmu ba a fitar da zakka a kan doki, wato ko baitulmali ba shi da iko da shi. Daga ƙarshe na tuna hukuncin rabon ganima, inda ake ba doki kaso biyu mahayinsa kaso ɗaya, hukuncin da tun ina almajiri nake jin nauyinsa a raina. A daren nan, ruwa yana bin ƙeyata, na gane cewa malaman da suka rawaito shi sun yi zama da dawaki, sun kuma yi zama da mahaya.

Da asuba hazo ya rufe ko'ina, har mutum ba ya ganin tafin hannunsa. Na yi ijtihadi na fuskanci inda na tabbata nan ne gabas maso arewa na ta da kabbara, ina sallamewa hazo ya yaye, rana ta fito ta bayan ƙeyata. Nan Baffa ya same ni, ya hawo da butar shayi a hannu, jikinsa a bushe ƙayau, ya dubi turakun da suka rage da tabarma da ni, ya ce, «Modibbo, an tashi lafiya? Ina gida?» Na ce gida ya yi tafiya. Ya ce kada in damu, ya san inda ya sauka.

Hakika kuwa, da muka koma ruga, ni a bayan Baffa bisa goɗiyarsa, muka tarar da akawal tsaye a turkensa yana lasar kanwa, tantina kuwa an wanke shi an shanya bisa shinge, yara sun kewaye shi suna kallo. Wai cikin duhun nan da ruwan nan ya bi hanyar shanu, ya kewaye dausayin da ya cinye mini takalmi, ya ƙetare rafi, ya iso gida kafin kiran assalatu. Uwargidan Baffa ta kawo mini kindirmo cikin ƙwarya, ta ce, «Sannu, Modibbo, ai dokin ya ba mu labari tun da dare.» Aminina ya nemi in yi bayani gaban jama'a, na ce masa mujtahidi ko bai dace ba yana da lada ɗaya, ni kuwa a tafiyar nan na tara lada mai yawa.

To, ɗan'uwa mai karatu, in Allah ya nufe ka da hawan doki a Mambila, ga nasihar da zan ba ka kyauta, ko da yake ni da tsada na saye ta. Ka tafi da rani, ka riƙi bargo biyu, ka rataye guzurinka inda baki ba ya kaiwa. Ka bar mai doki ya ɗaure maka sirdi, ka kwana inda ya ce a kwana, ka yi wa dabba dabaibayi yadda mutanen wurin suke yi. In kuwa kai da dokin kuka saɓa a kan hanya, ka sassauta linzami ka bi ra'ayinsa, domin shi a nan aka haife shi, kai kuwa mota ce ta kawo ka.